Duma da Danga: Tarihin Tsirrai Masu Yaɗo a Gidajen Rafin Guza

Rafin Guza, unguwar da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa kusa da Kawo, tana zaune ne a gangaren da ya nufi Kogin Kaduna, inda fadama ke riƙe danshi har tsakiyar rani, masu lambu kuma ke fitar da alayyafo da latas da tumatir zuwa kasuwannin birnin. Wannan zama tsakanin gari da fadama ya sa ta dace da nazarin wata al'ada da ba kasafai ake rubutu a kanta ba, wato yadda Hausawa da maƙwabtansu ke zaɓar tsirrai masu yaɗo da za su bari su hau danga da rumfa da jinka a gidan da yara ke rarrafe. Tsiro mai yaɗo shi ne wanda karansa ba ya iya tsayuwa da kansa, sai dai ya bi ƙasa ko ya nannaɗe wani abu ya hau, kuma saboda ganyensa da furensa da 'ya'yansa suna saukowa daidai tsayin hannun yaro, zaɓensa bai taɓa zama batun ado kaɗai ba. Tsohuwar ƙa'idar, wadda ba a rubuta ta ba amma tsarin gida ya kiyaye ta, ita ce abin da ake ci ko ake aiki da shi ya shigo ciki, mai dafi kuma ya tsaya a iyakar gona ko a daji.

Ba za a fahimci wannan ƙa'ida ba sai an san fasalin gidan Bahaushe na karkarar Zazzau, wanda Kaduna ta tashi a cikin ƙasarta. Baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa ya wuce ƙofar gida zuwa shigifa, daga nan sai cikin gida, inda mata ke daka da girki da saƙa, inda kuma yaro ke yin shekarunsa na farko kusan ba tare da ya fita ba. A ƙauye abin da ke kewaye gidan yawanci danga ce, wato shingen karan dawa ko na gero da ake ɗaurewa a jikin dirkoki, ko kuma zana, wadda ake saƙawa da ciyawar gamba. Irin wannan shinge ba ya daɗewa, gara da ruwan sama suna cin sa, don haka akan sabunta shi bayan girbi, kuma wannan sabuntawar ta shekara-shekara ita ta sa tsirran da suka fi dacewa da shi su ne masu rayuwar damina guda. Mai gida ke kafa danga, amma abin da zai hau ta yana hannun matan gida, musamman uwargida da tsohuwa, domin su ke ajiye iri a tsumma ko a cikin gora, su ke kuma tuge duk abin da ya tsiro da kansa wanda ba su yarda da shi ba.

Duma shi ne babban tsiron wannan tsari. Masana tsirrai suna kiransa Lagenaria siceraria, asalinsa daga Afirka yake, kuma yana cikin tsirran farko da ɗan Adam ya fara nomawa, har an sami ɓaraguzansa a nahiyar Amurka masu shekaru kusan 10,000. A ƙasar Hausa ana bambanta irinsa da siffar ɗan da zai haifa: akwai mai ba da ƙwarya da ƙoƙo, akwai mai ba da masaki, wato babbar ƙwaryar da ake zuba hatsi ko tuwon taro, akwai mai wuya da ake tsagawa a yi ludayi, akwai na gora da buta, akwai kuma dogon nan da ake yin zunguru da shi, wanda mata ke sa hannu a ciki in sun ƙunsa lalle, da shantu da suke kaɗawa. Manyan ƙore a fadama da gona ake noma su, domin nauyinsu ya fi ƙarfin danga, amma ludayi da gora a cikin gida suke yaɗo, su bi rumfa su haye jinkar ɗaki ko ta rumbu, farin furensu yana buɗewa da yamma. Bayan ɗan ya ƙosa ya bushe sai a yanka shi, a jiƙa, a kankare cikinsa, aikin da ake kira fafewa, kuma jinkirin da ke cikinsa ne ya haifar da karin maganar da ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata a lura cewa duma ba tsiro ne marar illa gaba ɗaya ba, domin yawancin irin da ake nomawa saboda ƙwarya yana ɗauke da sinadarin kukurbitasin, mai tsananin ɗaci, wanda ke kawo amai da gudawa kuma dafuwa ba ta kashe shi. Sai dai ɗacin nan shi ne kariyar yaro, tun da ba ya iya haɗiye abin da harshensa ya ƙi tun a taɓawar farko, jiƙawa da wankewar da ake yi wa sabuwar ƙwarya kafin a sha fura a cikinta kuwa hanya ce ta fitar da sauran ɗacin.

Kabewa baƙuwa ce idan aka kwatanta ta da duma, domin daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma bayan da jiragen ruwan Turawan Fotugal suka haɗa gaɓoɓin biyu a ƙarni na 16, amma ta zauna har ta zama jigon miyar taushe. Ganyenta da ɗanta da ƙwayarta duk abinci ne. Soso, wanda busasshen ɗansa ke zama abin wanka da wanke-wanke, yakan tsiro da kansa a bayan makewayi inda ruwa ke malala, a bar shi ya hau. Garafuni, mai ɗacin ganye da jajayen 'ya'ya, ana ƙyale shi a gefen danga saboda magani, yaɗiya kuma ana tsinkar ganyenta a yi kwaɗo ko a sa a dambu, musamman a shekarun da hatsi ya yi ƙaranci. Wake ma yakan bi kara ya hau.

Batun sanyi yana da nasa fasali a wannan yanki. Kaduna tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga teku, tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara tsakanin Afrilu da Oktoba, sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta taso daga Sahara da ƙura da bushewa, zafin dare ya sauka zuwa kusan digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ƙasa da haka. Ruwa ba ya daskarewa a nan, saboda haka abin da ke kashe tsiro a hunturu ba sanyin ba ne, bushewar iska ce da ɗaukewar ruwa. Tsirran damina sun dace da wannan zagaye ta hanyar da ta yi wa iyali amfani: suna rufe rumfa da ganye a watannin ruwa, su bushe da kaka a daidai lokacin da ake girbe ƙore da kabewa, sa'annan su bar tsakar gida a buɗe ga rana a watannin da tsofaffi da yara ke neman shan hantsi da safe. Giɓin da ke cikin tsarin shi ne bazara, wato Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani amma babu ɗanyen ganye a kan rumfa, kuma wannan giɓi da zana da inuwar bishiya ake cike shi.

A wajen danga akwai wasu masu yaɗon da kowace tsohuwa ta san sunansu don ta hana. Kwankwani, kurangar da maharba ke dafa ƙwayarta su shafa wa kibiya, dafinta yana tsayar da zuciya. Ƙarara tana da kwanso mai gashi wanda ke haddasa ƙaiƙayi mai zafi ga duk wanda ya goge shi. Gatarin kurege, mai jan fure da ruwan ɗorawa wanda ke fitowa da damina, yana da saiwa mai kama da ƙaramar doya, cikinta kuwa akwai sinadarin kolcisin da ke iya kashe babba, balle yaro. Mafi jan hankalin yara a cikinsu shi ne idon zakara, mai ƙananan ƙwayoyi ja wur da ɗigon baƙi, waɗanda ake sarƙawa kamar tsakiya. Ganyensa yana da zaƙi, har ana tauna shi saboda tari da shaƙewar murya, amma ƙwayar tana ɗauke da abrin, ɗaya daga cikin dafin tsiro mafi ƙarfi da aka sani. Idan aka haɗiye ta ba a fasa ba takan wuce saboda taurin ɓawonta, idan kuwa aka tauna ta ko aka huda ta, ko guda ɗaya tana iya zama ajali. Akwai kuma masu dafi da ba sa yaɗo amma ake shinge da su, irin su tinya da ƙerana, masu farin ƙaro da ke ƙona ido, waɗanda al'ummomin tsaunin Jos da na kudancin Kaduna suka kewaye ƙauyukansu da su don tsaro, sai zurma da zaƙami da ke tsirowa a kan juji. Amfanin irin waɗannan a iyakar gona yake, domin awaki ba sa cin su.

Wannan ilimi ya shiga takarda a farkon mulkin mallaka, ta hannun wani likita ɗan Sikotlan mai suna John McEwen Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsirrai daga bakin manoma da masu magani, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga baya kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Aikin yana da daraja har gobe, sai dai da Turanci aka rubuta shi, don jami'an gwamnati da masana, kuma bai koma ga matan da suka fi kowa buƙatarsa ba.

Kaduna kanta sabon gari ne. Ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da ƙauyukan manoma da rugagen Fulani, kafin hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta ratsa ta, Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, aka kawo sojoji, sannan aka maido hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Dokar tsarin garuruwa ta wannan shekarar ta tanadi filin da ba a gini mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A cikin unguwar Turawan aka kafa wani irin gida da ya saɓa wa na Hausa ta kowace fuska, domin gini ne guda a tsakiyar fili, da baranda, da lambun furanni a gaba don mai wucewa ya gani, alhali gidan Hausa yana ɓoye tsirransa a ciki. Da wannan fasali aka shigo da tsirran ado daga sauran ƙasashe masu zafi. Buganbiliya, wadda masu binciken Faransa suka gani a Birazil a shekarun 1760 aka kuma sa mata sunan shugaban tafiyarsu, ta yi fice saboda tana jure fari, tana kuma yin fure sosai a rani, lokacin da sauran lambun ya bushe. Tare da ita aka kawo alamanda mai furen ruwan ɗorawa, wadda farin ƙaronta ke ƙona fata ya kuma ɓata ciki, da oliyanda, wadda kowane sashe nata yana ɗauke da dafin da ke taɓa zuciya. Gidajen Turawan ba su cika samun ƙananan yara ba a shekarun farko, tun da yawancin jami'ai a Ingila suke barin iyalansu, don haka tambayar ko tsiro zai cutar da yaro ba ta cikin abin da ya dami masu zaɓen. Waɗanda suka yi dashen da ban ruwa kuwa 'yan ƙasa ne masu aikin gadina, kuma ta hannunsu ne rassan waɗannan tsirrai suka fara fita zuwa gidajen ma'aikata da makarantu da asibitoci.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan Arewa suka gaji gidajen da lambunansu, furen ado ya zama alamar wayewa da rufin asiri. A daidai wannan lokaci abubuwan da suka riƙe tsohon tsarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kwanon sha da langa da fanteka, daga baya kuma roba, suka karɓe aikin ƙwarya da ludayi, har ya zama ba dole ba ne kowane gida ya shuka duma. Rufin kwano ya maye gurbin jinka, shi kuwa yana ɗaukar zafin da ke ƙona yaɗo, masu gida ma ba sa son ganye ya taru a kansa ya jawo tsatsa. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya yawaita siminti, bulo ya kori danga, aka daɓe tsakar gida. Unguwannin gefen birni irin su Rafin Guza, waɗanda gonaki ne da lambuna a da, aka yanka su fuloti-fuloti, kuma rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, wanda ya sa Musulmi da yawa suka ƙaura zuwa arewacin kogin, Kirista kuma suka koma kudu, ya ƙara cunkoso a wannan ɓangare. Gidan haya mai ɗakuna a jere, inda iyalai da yawa daga garuruwa dabam-dabam ke raba tsakar gida ɗaya, ba shi da tsohuwa guda mai ikon cewa a tuge wannan a bar wancan. Wannan rashi, a ganin mai nazari, ya fi rashin filin shuka muni, domin ƙa'idar ba a cikin littafi take ba, a bakin mutum take, kuma in mutumin ya tashi sai ta bi shi.

Tarihin bini-da-zugu ya nuna yadda mai dafi ke matsowa kusa idan iyakar gona ta zama iyakar gida. Asalin tsiron daga Meziko da Amurka ta Tsakiya yake, Turawan Fotugal suka kai shi tsibiran Kef Bade da gaɓar Gini, daga nan ya bazu, ya samu karɓuwa saboda reshensa yana kamawa da zarar an soka shi a ƙasa kuma dabbobi ba sa taɓa shi. Matsalarsa ita ce ƙwayarsa ba ta da ɗaci, ɗanɗanonta ya yi kusa da na gyaɗa, saboda haka yaro yana iya cin da yawa kafin amai da gudawa su fara, abin da ke iya ƙarar da ruwan jikinsa cikin sa'o'i kaɗan. A 1986 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa nazari kan dafinsa, bayan da aka ga yara biyu, mai shekara 3 da mai shekara 5, da suka ci ƙwayar suka kamu da amai mai tsanani da bushewar jiki. Duk da haka, a wajajen 2007 da 2008, lokacin da duniya ta ɗauki zancen samar da man inji daga tsirrai, an yi ta kwaɗaita wa manoman Afirka shuka shi, ba tare da gargaɗin da ya kai girman tallar ba. A unguwa mai matsatsi, shingen da aka kafa don korar awaki daga lambu yana iya zama a kan hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo.

Kogin ma yana da hannu. Rafin Guza tana cikin unguwannin da ambaliya ke yawan shafa, kamar yadda aka gani a manyan ambaliyoyin 2003 da 2012, kuma idan ruwa ya janye yakan bar laka mai ɗauke da irin tsirran daji a kangaye da fulotan da ba a gina ba, wuraren da yara suka fi son wasa.

Hausawan da karatu ko aiki ya kai ƙasashen sanyi, irin su Ingila da Kanada da Jamus, suna fuskantar tambayar abin da za a shuka a gidan da ke da yara ta wata fuska, domin a can ƙanƙara tana kashe duma da soso tun farkon sanyi, kuma masu yaɗon da ke jure daskarewa baƙi ne a gare su. Wisteriya, mai tarin fure shuɗi-shuɗi, tana da kwanso mai kama da na wake wanda ƙwayarsa ke da dafi. Aibi, wadda ke lulluɓe bangayen tsofaffin gidaje, ganyenta da 'ya'yanta suna cutarwa. Kilematis tana ƙona baki da fata. Ko dogon waken da ake ɗora wa sanduna a lambunan Ingila ba a cin ƙwayarsa ɗanya. Inabi da waken fis da ake ci suna cikin waɗanda hankali ya fi kwanciya da su. Bambancin da ya kamata a kula da shi shi ne cewa a Birtaniya ƙungiyar masu sayar da tsirrai tana da jagora da ya kasa masu haɗari rukuni-rukuni, ana kuma liƙa gargaɗi a jikin tukunyar kafin a sayar, kuma a ƙarshen 2011, da aka gano cewa wasu awarwaron da ake sayarwa a shaguna, har da na shahararren lambun Eden Project, da ƙwayar idon zakara aka yi su, sai aka yi shelar janye su daga hannun jama'a. Abin da tsohuwa ke yi a gidan Hausa, a can takarda da hukuma ke yin sa.

A Kaduna ba a kai ga wannan ba tukuna. Masu sayar da furanni da ke jere a gefen manyan titunan birnin suna da gwaninta wajen dashe da renon tsiro, amma kayansu a baƙar leda suke zuwa ba tare da suna ko gargaɗi ba, mai saye kuma launin fure yake nunawa. A ɗaya ɓangaren, tsadar kayan miya ta 'yan shekarun nan ta dawo da shuka cikin gida ta wata sabuwar hanya, inda mata ke cika buhu ko tsohon bokiti da ƙasa da taki, su ja igiya zuwa katanga, su ɗora kabewa da kokwamba da wake, da ugu da aka koya daga maƙwabta 'yan kudu, wasu kuma su kafa rumfar inabi, wadda in ana ba ta ruwa takan ba da inuwa a bazarar da duma ba ya kaiwa. Wannan komawa ce ga tsohuwar ƙa'idar abinci a ciki, amma ta zo da haɗarin da kakanni ba su sani ba, wato maganin feshi, musamman irin wanda ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ba tare da rubutu ba, wanda ke iya mayar da ganye mai lafiya abin cutarwa, kwalbar kuma ta fi kowane tsiro haɗari idan yaro ya kai gare ta. Yaɗo mai duhu da ya taɓa ƙasa a unguwar bakin kogi yana kuma zama maɓoyar maciji da sauro, abin da ya sa masu lura ke sassabe ƙasansa su bar ganyen a sama, buganbiliya kuwa saboda ƙayarta a bayan katanga ake barin ta.

Akwai al'adar ɗura wa yaro manja ko madara, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro, idan ana zaton ya ci wani abu mai dafi. Likitoci suna hana wannan, domin amai na dole yana iya tura abin cikin huhu, jinkirin da ake yi ana gwada dabarun gida kuwa yana cinye lokacin da ya fi amfani, musamman da yake dafin idon zakara da na zurma yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana, kafin alamunsa su bayyana. Abin da ma'aikatan Babban Asibitin Kawo ko na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ke buƙata daga iyaye shi ne a kawo yaron da wuri, a zo da reshe ko kwanso ko ƙwayar abin da ya ci, a kuma faɗi lokacin da ya ci da kimanin yawansa, domin kulawar da ake ba wanda ya ci oliyanda, inda ake sa ido kan bugun zuciya, dabam take da wadda ake ba wanda ya ci bini-da-zugu, inda mayar da ruwan jiki ne kan gaba.